Abin da Na Sa a Bakin Jaji

Talata, bayan magariba

Dakta Majid ya ce kowa ya riƙa rubuta abin da ke ransa tsakanin zama da zama. Na fara da Larabci, na cika shafi, na karanta na ji kamar rahoton da nake kai wa shugaban sito ne a tashar jiragen ruwa: kaya kaza sun shigo, kaya kaza sun fita. Na yage. Bari in gwada da Hausa, ko da bokona a karkace yake.

Mu shida ne a ɗakin, a saman wani asibitin kuɗi, kujeru a zagaye, kwalin tishu a tsakiya wanda babu mai taɓawa. Duk maza, duk masu aure ko waɗanda auren ke neman kuɓuce musu. Abu ɗaya ya tara mu, kowa ya san shi, shi ya sa ba ma haɗa ido a lif. Likita yana kiransa idman, wato jarabar da ta fi ƙarfin mai ita. Kalmar ta yi mini daɗi. Tana da tsabta, kamar sunan ciwon da ake ba mutum ƙwaya ya sha.

Mastura, matata, tana gidan yayanta Abdallah tun ranar da ta buɗe wayata. Ta tafi da 'yarmu Shahad. Sharaɗinta biyu: in zo nan, in kuma faɗa mata gaskiya duka da bakina, sannan ta san abin da za ta yanke game da aurenmu. Na farko na cika shi. Abin da ta gani a waya saƙonni ne kawai, ni kuma na bar ta a kan saƙonni ne kawai.

Da aka zo kaina yau na ce alhamdu lillahi, ina ƙoƙari. Abin da na ce makon jiya ke nan.

Alhamis, da safe

Kofi ɗaya na wanke. Na sake wanke shi don in ji motsi a kicin.

Talata, bayan isha'i

An kawo sabon mutum. Sunansa Jaji, mutumin Damagaram ne, injiniyan lantarki a wani kamfanin gine-gine, bai daɗe da zuwa nan Jidda ba. Faransanci yake ji da Hausa. Larabcinsa na salla ne, Ingilishinsa kuma bai kai ya sayi burodi ba. Dakta Majid ya yi ta fama da shi, can sai ya juyo gare ni.

"Ya Abu Shahad, kana jin Hausa, ko?"

Na so in ce a'a. A wurin aiki ban cika son a sani ba. Tun da aka rushe Karantina, unguwarmu ta Hausawa, muka watse, mahaifiyata kuma ta rasu, Hausata ta koma cikin gida, tsakanina da Mastura. Amma Jaji ya ji kalmar, ya zuba mini ido kamar wanda ya ɓace a kasuwa ya hango ɗan unguwarsu. Na ce ina ji.

Likita ya kafa mini doka. "Kada ka ce 'ya ce kaza'. In ya ce ni, kai ma ka ce ni. Bakinsa ne kai, halas, shi ke nan."

Jaji ya sunkuyar da kai ya fara. "Bon. Ni matata tana gida da yara uku. Tana kira na a bidiyo, ina ganin kiran ina ƙin ɗauka, saboda ƙazantar da nake kallo a lokacin. Wallahi wayar da nake ganin fuskar 'ya'yana a ciki, ita ce dai nake wannan iskancin da ita."

Ƙazanta, iskanci. Rabona da jin waɗannan kalmomi tun ina yaro, a bakin uwata tana zagin 'yan layinmu. Na juya su zuwa Larabcin likita mai tsabta, amma dole na fara kowace jimla da "ana", wato "ni" da Larabci. Ni nake kallo. Ni nake ƙin ɗauka. Gumi ya jiƙa mini riga, ga na'urar sanyi tana ta aiki a kanmu.

A bakin lif ya kama hannuna da hannu biyu. "Yaya, Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini."

Laraba, kafin in tafi aiki

Na yi barci har ƙararrawa ta tashe ni. Na daɗe ban yi haka ba. Jikina sakayau, kamar ni na yi maganar jiya.

Ba ni na yi ba. Na sani.

Asabar, da rana

Na ɗauki waya zan kira Mastura. Na ajiye. Na share baranda.

Talata, bayan isha'i

Ban san ta ina zan fara ba.

Jaji yana ba da labarin ranar Alhamis. Ya ce abin ya taso masa, ya kashe waya, ya fita ya yi ta yawo a bakin teku har ƙafarsa ta gaji. Na fassara. Sai ya tsaya ya sha ruwa, ni kuma ban tsaya ba.

Jimla biyu na ƙara waɗanda bai faɗa ba. Ba zan rubuta su a nan ba. Akwai shiƙƙa a ciki, irin ɗakunan nan da ake haya na kwana ɗaya can arewacin gari. Akwai "ba sau ɗaya ba". Akwai "ba mace ɗaya ba". Na faɗe su da "ana", muryata ko rawa ba ta yi ba, idona yana kan fuskokinsu. So nake in ga yadda ake kallon mutumin da ya yi haka.

Babu wanda ya tofa yawu. Likita ya ce ya gode da wannan ƙarfin hali. Jaji ya taɓa gwiwata.

"Me ya ce?"

"Ya ce ka yi jarumta."

Ya yi murmushi. Wannan murmushin da a ce mari ne da ya fi mini sauƙi.

Akwai wani dattijo a cikinmu, Nayef, mai gemu fari-fari, wanda ba ya iya riƙe magana a ciki. Ya miƙa wuya ya ce, "Tambaye shi, bayan ya yi wannan ya koma wurin matarsa?"

Na ce wa Jaji, "Yana tambaya ko kana zuwa gida hutu."

"E mana, da babbar Salla na je, na yi wata guda."

Wannan na fassara shi daidai, babu ƙari babu ragi. Nayef ya ce la haula wa la ƙuwwata, ya ja kujerarsa baya kaɗan. Jaji ya kalle ni yana neman bayani. Na ce masa tsohon haka yake.

Da aka tashi likita ya tsayar da mu biyu. Ya ce in gaya wa Jaji a natse cewa lallai ya je a yi masa gwajin jini, na cututtukan da ake ɗauka ta wannan hanya. Ya ce matarsa ma dole a yi mata, kuma dole ta san dalili, domin hakkinta ne.

Rabin farko kawai na fassara, shi ma na ce ana yi wa kowa ne.

"Analiz?" Jaji ya dafe ƙirji. "Na me? Kallo yana sa cuta a jini ne? Yaya, in suka ce sun ga wani abu, iƙamata fa, takardar zamana a ƙasar nan?"

Na ce kada ya damu. Ni, na ce wa wani kada ya damu.

Laraba, da asuba

Matarsa ma dole a yi mata.

Laraba, lokacin hutun rana

Ba zan ce ban taɓa tunanin abin ba. Na sha tunaninsa, ina ture shi gefe kamar yadda nake ture kwalin da ba lambata a jiki. Amma jiya na ji shi daga bakin likita, da sunan wata mata a Damagaram da ba ta ci ba ba ta sha ba. Maganar ta Mastura ce. Jininta ake nufi.

In na ce mata ta je gwaji, na faɗa mata komai ke nan. Ba a gwada jini saboda saƙonni.

Ni ma kuma tsoro nake ji, kada in yi wa kaina ƙarya. A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana, amma da iƙama nake zaune kamar wanda ya sauka jiya. Kano, garin kakannina, a waya kawai na san ta. In aka ga wani abu a jinina, ina za a kai ni? Tsoron da na gani a idon Jaji nawa ne, na ba shi ya riƙe mini.

Alhamis, bayan la'asar

Na je layin su Abdallah a Aziziyya. Na tsaya gaban mai wanki, ban kashe mota ba. Na hango rigar makarantar Shahad a shanye a baranda. Wani ya danna mini hon a baya, na ja na tafi, har ina gode masa a raina.

Juma'a, bayan cin abincin rana

Na kira ta. Ta ɗauka.

"Kina lafiya?"

"Lafiya lau."

"Shahad fa?"

"Tana nan."

"Ke dai lafiyarki ƙalau, ko? Ba inda ke miki ciwo?"



"Abu Shahad, me ya sa kake ta tambayar lafiyata?"

Na ce ba komai, zafi ne ya yi yawa a garin.

"Akwai abin da za ka faɗa mini?"

"Ina ƙoƙari," na ce.

"To," ta ce, ta kashe.

Lahadi

Ban kira ba.

Talata, bayan isha'i

Jaji bai zo ba. Likita ya tambaye ni ko na ji daga gare shi, na ce a'a. Nayef ya ce irin waɗannan in suka faɗi babbar magana sai su gudu. Na gyaɗa kai. Na gyaɗa kai!

Da aka zo kaina na ce alhamdu lillahi.

Alhamis, bayan na dawo daga aiki

Wayar tana kan tebur tun ɗazu. Na san lambobin da na goge, yatsana bai manta su ba. Na kai ta mota na kulle, na dawo na zauna. Na sauka na ɗauko. Na sake mayarwa. Mai gadi yana ta kallona.

Ban yi ba. Amma ba tsoron Allah ne ya hana ni yau ba, fuskar Jaji ce lokacin da yake murmushi.

Juma'a, bayan salla

Ya kira ni da safe ya ce mu haɗu a wurin mai shayin da ke bayan masallacinsu. Na same shi zaune, ya rame. Bai miƙe ba, bai ba ni hannu biyu ba.

"Malam Hamad, zauna."

Daga Yaya na koma Malam. Nan na sha jinin jikina.

Ya ce kwana da kwanaki bai runtsa ba kafin ya yi ƙarfin halin zuwa gwajin. Ya ce matar da ta ɗebi jininsa 'yar Tunis ce, tana jin Faransanci, sai ya tambaye ta wannan analiz na mene ne. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce likitansa ya yi waya ya ce a kula da shi, don ya yi hulɗa da mata da yawa, kuma a tuna masa maganar matarsa.

"Ni," ya ce, yana nuna ƙirjinsa. "Ni da tun da nake ban taɓa riƙe hannun wata mace ba sai uwar 'ya'yana. Me ka gaya musu na yi?"

Na fara kame-kame. Na ce wataƙila likita bai fahimta ba, Larabci yana da faɗi.

"Kada ka ƙara mini da wata. Na ga tsohon nan ya ja kujera. Tun ranar nake tambayar kaina."

Sai na faɗa masa. Da Hausa, a gaban mai shayi, bakina yana ɗaci. A Hausa abin ba shi da suna mai tsabta, sai na kira shi da sunan da uwata za ta kira shi.

Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Abin da na yi da kaina ya ishe ni kaya. Na zo ƙasar da ban san kowa ba, na buɗe cikina a gaban mutane don na ji kana Hausa. Kai kuma ka ga jaki, ka ɗora naka."

Na ce ya yafe mini.

"Bon. Talata za ka gyara a gabansu, in ba haka ba in zo da 'yar Tunis ɗin ta yi mini tafinta." Ya miƙe, ya biya kuɗin shayinsa shi kaɗai. Har ya juya sai ya tsaya. "Matarka ta sani?"

Na girgiza kai.

"To analiz ɗin nan nata ne. Ni jinina ya fito lafiya, sai ka yi murna."

Asabar

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Litinin, bayan magariba

Na gwada jimlolin a mota, a hanyar tasha, da Larabci. Suna fita sumul in ba kowa.

Talata, bayan isha'i

Na faɗa.

Ban jira a zo kaina ba. Na ce abin da na faɗa da sunan Jaji makonnin baya, na shiƙƙa da sauran, ba nasa ba ne, nawa ne. Bai taɓa faɗa ba, bai ma san na faɗa ba. Sannan na juya na maimaita wa Jaji da Hausa kalma bayan kalma, don ya tabbata wannan karon abin da ke can shi ne a nan. Sau biyu ke nan. Na biyun ya fi ciwo.

Dakta Majid ya cire tabarau ya murza ido. Bai ɗaga murya ba. Ya ce na ci amanar ɗakin, na kuma cutar da mutumin da ya dogara da ni, kuma shi ma da laifinsa da ya ɗora wa majinyaci aikin tafinta. Ya ce daga yau ba zan ƙara fassara wa kowa ba, zai nemo wa Jaji wani. Ya ce ko zan ci gaba da zama a cikinsu, wannan sai abin da Jaji ya ce.

Nayef ya tashi, da girmansa da gemunsa, ya je ya sumbaci Jaji a ka. "Samihni ya waladi," ya ce, wato ka yafe mini ɗana. Wannan ba ta buƙaci tafinta ba. Jaji ya fashe da kuka, aka taɓa kwalin tishu yau.

Sannan tsohon ya juyo kaina.

"Kai fa? Bayan ka yi, ka koma wurin matarka?"

Na ce e.

"Ta sani?"

Na ce a'a.

Bai ce la haula ba, bai ja kujera ba. Ya dai kalle ni har sai da na sunkuyar da kai. "Yalla, tashi," ya ce. "Me kake yi a nan?"

Jaji ya ce a bar ni in zauna, amma ba kusa da shi ba.

Laraba, bayan la'asar

Abdallah ne ya buɗe mini. Na ce, "Yaya, wurin Ummu Shahad na zo." Ya kalle ni sama da ƙasa, ya kai ni ɗakin baƙi, ya ajiye butar gahawa bai zuba ba, ya fita.

Ta shigo da mayafin salla, ta zauna can ƙarshen kujera. Ta rame ita ma. Na fara da Larabci, na ce likita ya ce idman wani irin ciwo ne da yake...

"Da Hausa," ta ce.

Na faɗa mata. Ba saƙonni kawai ba ne. Na faɗi inda, na faɗi tun yaushe. Ina jira ta yi ihu ko ta jefe ni da butar, ba ta motsa ba, hannunta a kan cinyarta. Da na zo ƙarshe sai na yi ta maza na ce dole ne ta je a gwada jininta, zan kai ta gobe in ta yarda.

"Na yi," ta ce.

Na ɗago kai.

"Washegarin ranar da na bar gidanka. Na ce wa Yaya haƙori zan cire, na hau tasi ni kaɗai. Kana tsammani ban iya karatu ba ne? Mutumin da ake rubuta wa lambar ɗaki ba hira ya je yi ba." Ta gyara mayafinta. "Matar da ke ɗiban jinin ta tambaye ni dalili. Na ce mijina. Ta ce kowa haka take cewa. A gaban wasu mata biyu ta faɗa, Abu Shahad. Na miƙa mata hannu kawai."

Da ƙyar na ce, "Me ya nuna?"

"Je ka yi naka, sai ka sani."

"Mastura, don Allah."

"Sakamakon ya daɗe a jakata. Ba shi nake jira ba. Duk ranar da ka kira sai in ce yau zai faɗa, sai ka ce mini zafi ya yi yawa a gari. Jira nake in ga yaushe za ka tuna ni ma ina da jini a jiki."

Ban tambaye ta ko za ta dawo ba, ba ni da bakin tambaya.

Ta miƙe ta ɗauki butar gahawar. A bakin ƙofa ta ce Shahad tana barci, in ja ƙofar waje a hankali in zan fita.